Kofin Farko a Tudun Faru

Tun shekarar da kamfanonin inshora suka daina karɓar masu haƙar burtsatse a yankin rijiyoyin mai, aka kafa doka: duk wanda ba shi da inshorar gurɓatar ruwa, shi zai sha kofin farko a gaban jama'a. In ya ƙi, a toshe rijiyar da siminti.

Da hantsi Haladu, wanda shi ma ba shi da inshorar, ya gama haƙa burtsatsen ƙauyen Tudun Faru. Mata sun riga sun jera jarkokinsu. Jami'in gwamnati ya tari ruwan a kofi, ya miƙa masa, ya ja da baya yana goge yatsunsa.

A ido ruwan garai yake. Amma da Haladu ya kai shi baki, sai ya ji warin kananzir, irin na rijiyar da ta kwantar da abokin aikinsa bara.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Mai Unguwa Barau ƙasa-ƙasa, "ruwan nan ba lafiya."

"Mun sani, Malam Haladu. Na tafkinmu baƙi ne wuluk, kullum sai mun binne yaro. Wannan ko ba komai zai bar su su girma."

Haladu ya dubi matan, ba wadda ta yarda suka haɗa ido. Ya yi bisimilla, ya shanye, ya kife kofin.

Aka rangaɗa guɗa. Ya koma gindin motarsa ya zauna, harshensa na raɗaɗi. Can sai ga wata tsohuwa da kwanon fura.

"Ɗana, da sabon ruwan na dama maka."

Ya sa hannu biyu ya karɓa.