Na Tara a Gidan Delu

Safiyanu, ma'aikacin ƙidaya da ake ce wa ajan, ya sunkuyar da kai ya wuce ƙarƙashin azarar zauren, ko kallonta bai yi ba. Madam Munira, shugabarsa da aka turo daga Yamai ta sa ido kan ƙidayar jama'a, ita kam sai da azarar ta buge ta a goshi. Ta ja tsaki. Ba yau suka fara shigowa gidan tsohuwa Delu ba, kuma da la'asar ɗin nan za a rufe ƙidayar Tudun Gamba.

Bara aka sake shata iyakar birnin Damagaram. Wani mai taswira da bai taɓa kurɓar ruwan garin ba ya ja layinsa ya bi kwari, ya raba Tudun Gamba biyu. Yamma ta zama birni, gabas ta tsaya a komin ɗin Gafati, wato ƙaramar hukumar karkara. Birni ya yi ƙiba a takarda, ƙauye ya rame. Na yamma aka ce za a ja musu famfo. Na gabas kuwa, rijiyar burtsatsen da aka yi musu alkawari tun gari yana ɗaya, sai aka ce ba a haƙa wa garin da bai kai mutum ɗari biyar ba.

Aka ƙirga gabas kaf, daga jinjiri har wanda ba ya iya tashi daga tabarma. Saura mutum ɗaya a cika ɗari biyar. Mai gari Zakariya'u har roƙo ya yi a sa cikin Jummai, surukar Delu, Madam ta ce na ciki sai ya fito.

Doka kuma ta tsananta, don wasu garuruwan sun cusa sunayen matattu da na 'yan ci-rani. Suna sai daga bakin mai gida, a gaban Madam, kuma ma'aikacin ƙidaya ba shi da ikon sa wa kowa magana a baki. Mijin Delu ya rasu, ita ce mai gida.

Suka tarar da ita tana ɓarar gyaɗa. Ta amsa gaisuwar Madam da fara'a. Safiyanu ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta juya ta amsa wa bango. Da aka tambaye ta mutanen gidan, ta lissafa kanta, da ɗanta Garba, da matarsa Jummai, da 'ya'yansu. Ta kai takwas ta ja bakinta ta tsuke, kamar yadda ta yi jiya da shekaranjiya.

Kowa a garin ya san akwai na tara. Ga ɗakinsa nan kusa da zaure a share tas, ga sawun babur ɗinsa a ƙofa. Aiki yake a birni, amma a nan yake kwana.

"Inna, wa ke kwana a ɗakin can?" in ji Madam.

"Mai ɗakin."

"To, mene ne sunansa?"

"Yana da suna, tun ran bakwai aka raɗa masa."

Ba irin lallashin da ba a yi mata ba. Matan unguwa sun zo, liman ya aiko. Mai gari ya ja Madam gefe zai bayyana mata dalilin tsohuwar, ta ɗaga hannu ta ce ita suna ta zo ji, ba tarihi ba. Delu kuma ta ce ba ita ta raba garin ba, a je a matsa wa wanda ya raba.

Ran Safiyanu ya ɓaci. Ya miƙa hannu bayan rumbu ya ɗauko moɗa, ya zura a randa, ya ji ta kankari ƙasa. Abin da ya fito guntun ruwan tafki ne, kalar kunun kanwa. Ya mayar.

"Goggo," ya ce, "gari guda zai ci gaba da shan taɓo saboda kalma ɗaya? Kalma ɗaya fa!"

Delu ba ta waiwayo ba. "Madam, gaya wa ajan ɗin naki ba a ɗaga mini murya a gidana."

Madam ta duba agogo, ta zuge jakarta. Ta ce ta gaji, rijiyar burtsatse ba a hannunta take ba, za ta rubuta abin da ta ji ta tafi.

A daidai nan Jummai ta shigo daga tafki da jarka a kai, ciki ya tsufa, ƙafafu sun kumbura. Ta zo saukewa gwiwarta ta ƙi, jarkar ta kife, ruwan da ta fita nema tun hantsi ya bi ƙasa ya shanye. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a cikin danshin tana haki, sannan ta jawo jarkar za ta koma.

Delu ta daɗe tana kallonta. Ladan ya fara kiran la'asar.

"Madam, dakata." Tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kamar wadda za a yi wa tsirara a kasuwa. Da ƙyar maganar ta fito. "Safiyanu."

"Inna, ba ajan na ce ki kira ba. Sunan mai ɗakin nake so."

"Shi na faɗa."

Madam ta juya, ta ga ma'aikacinta riƙe da biro, ya kasa rubutawa. Shekara talatin da huɗu ke nan yana duniya, kuma yau ne ɗan farin Delu ya fara jin sunansa a bakin mahaifiyarsa.