Dariyar da Ba Ta Shiga Hoto Ba

Hoton Inna, Allah ya jiƙanta, ɗaya ne tak, wanda aka ɗauka a Funtua ranar da muka kai auduga. Ina ƙarama, ina riƙe da zanenta, tana ta ƙyaƙyata dariya, wushirya a waje. Sai mai hoto ya ɗago kai.

"Hajiya, rufe baki, ki sunkuyar da kai. Hannuwan nan ma a sa su cikin mayafi, sun yi kaushi. Mace a hoto, kunya ake son gani."

Inna ta haɗiye dariyarta, ta ɓoye hannuwan da suka ciro audugar.

Jiya 'yata ta dubi hoton ta ce, "Ashe Kaka shiru-shiru ce."

Ba ni da wani hoton da zan ƙaryata wannan da shi.