Kilomita Goma Sha Ɗaya Zuwa Asibiti

"Yaya, taho yanzu. Jikin Baba ya rikice, sunanka yake ta kira," in ji ƙanwarsa a waya.

Motoci sun cushe a kan gada, ko keke ba ya motsi. Ya bar tasa a gefen titi, ya ɗaure igiyar takalmi. Kilomita goma sha ɗaya ne zuwa asibitin, abin da yake shanyewa da gudu kullum kafin ya tafi ofis.

Wata takwas ke nan yana shirin gasar gudun dogon zango. Ya bar maiƙo, ya bar sukari, har cin abinci a gidan Baba ya daina zuwa. "Kai da ba a biyo ka ba, gudun me kake yi?" Haka tsohon kan tsokane shi.

Ƙafafu suka kama aikinsu. Ya wuce kasuwa, ya wuce gidan mai, yana duba agogo kamar yadda koci ya hore shi: kada ka ƙone ƙarfinka tun farko, ka ajiye na ƙarshe.

A bakin ɗakin da aka kwantar da Baba ya tarar da ƙanwarsa, mayafi a fuska.

"Ya cika, Yaya. Minti huɗu ke nan."

Nas ta miƙo masa ruwa, ta ce ya zauna ya huta. Bai karɓa ba. Ƙirjinsa na bugawa a natse, ko haki ba ya yi. Ƙarfin da ya ajiye yana nan cif, zai iya ƙara wasu kilomita goman.