Ruwan Lagireton 'Yar Ja

Notin da ke gindin lagireton ya ƙi juyawa, tsohon bakaniken kuwa ba shi da lokacin lallashi. Yana kwance a ƙarƙashin motar bisa wani buhu, yatsunsa na bin ƙarfe har suka kama kan notin. Ya ɗora sifana, ya ja. Ko gezau.

Motar 'yar gajera ce mai kujera biyu, irin ta tsere, rufinta na tamfol. 'Yar Ja yake ce mata tun yana saurayi. Ta daɗe a rumfar bayan gida ba mai tada ta, sai jiya matarsa ta murza makulli don ta ji ko da sauran rai, injin ya tafasa har tururi ya cika rumfar. Da safe matar ta tsaya a ƙofar ɗakinsa ta ce ta kira mai sayen tsofaffin ƙarafa, yana nan tafe da yamma. In motar ba ta hau tudun bayan gari lafiya lau ba, a sikeli za a auna ta.

Ko kumallo bai karya ba. Ya sa kayan aikinsa, wandon ya yi masa yawa, ya ɗaure da igiya. Ya jera sifanu a kan tsumma daga ƙarama zuwa babba, ya ce kada kowa ya taɓa masa.

Ya sake ja, notin ya saki da ƙara. Ruwa ya zubo cikin bokiti, warin tsatsa ya cika masa hanci.

"Maman yara, yaya kamanninsa?" ya tambaya daga ƙasan.

"Kamar ruwan kwata," in ji matar, tana zaune a kujerarta tana gyaran ɗankwali. "Kai da motar duk tsatsa ta gama da ku."

Ya rarrafo waje, ya zura tiyo a bakin lagireton, ya ce ta buɗe famfo. Ruwa na shiga ta sama yana fita ta ƙasa. Ya tara hannu yana murza abin da ke fitowa, yana jin tsaki-tsakin tsatsa a tsakanin yatsunsa. Wata babbar mota ta rage gudu a bakin titi. Ya daskare, kunne a sama ko mai sayen ƙarafan ne, har ta wuce.

"Ya washe?"

"Saura kaɗan."

"Ɗazu ma haka kika ce!"

"To ƙarya zan yi maka?"

Da ta ce ya washe tas, ya ɗaure notin, ya rufe bokitin da faifai saboda kyanwa, don ruwan nan zaƙi gare shi, kuma guba ne. Ya haɗa sabon ruwan lagireto da ruwa mai tsafta a jarka, ya dinga tsiyayawa ta mazurari, yatsa ɗaya a wuyan lagireton har ya ji sanyi ya taɓa shi. Ya rufe. Aka tada injin.

'Yar Ja ta yi tari, ta kama. Ya sunkuya yana lalubar babban tiyon sama, matar ta fizgo hannun rigarsa.

"Fanka, Baban yara! Yatsun ma so kake ka rasa?"

Ya janye, ya bi ta ɗaya gefen. Injin ya ɗau zafi, amma tiyon sanyi ƙalau. Gaggawa ta ci shi. Wannan motar ba kamar sauran ba ce, hancinta ƙasa-ƙasa yake, iska takan maƙale a saman injin ta hana ruwa zagayawa. Akwai wani ɗan ƙaramin noti a bayan tiyon da ake sassautawa iskar ta fita. Shi da ya koya wa mutane wannan, yau shi ya manta.

Dole aka kashe, aka jira ya huce. Ya zauna, ya tashi, ya zagaya motar yana shafa jikinta. Ya tambayi lokaci. Ta ce inuwa ta kai bakin rumfa. Can ya sake tambaya.

Da ya iya taɓa ƙarfen, ya sa tsumma ya sassauta notin. Iska ta fito da huci kamar na maciji, sannan ruwa ya biyo ya jiƙa masa yatsu. Ya ɗaure, ya ƙara ruwa, aka sake tayarwa. A hankali ɗumi ya cika tiyon a tafin hannunsa.

Suka shiga, suka ɗauki hanyar tudu. Rufin a buɗe, iska na kaɗa masa furfura. Injin ya fara nishi a kan hawan. Gumi na bin wuyansa, hancinsa na neman warin tafasa.

"Ina allurar zafi?"

"Tana tsakiya."

"Kada ki yi mini daɗin baki."

"Na ce tana tsakiya, tsoho mai rigima."

Suka kai ƙoli, motar ta tsaya. Babu tururi, babu huci, sai ƙarfe na ƙas-ƙas yana hucewa. Ya yi ajiyar zuciya, ya fashe da dariya irin wadda gidan ya daɗe bai ji ba.

"To maza ki kira mutuminki ki ce ya sha zamansa."

Ita ma ta yi dariya, tana share ido da gefen mayafi. Ba ta san wani mai sayen ƙarafa ba, balle ta kira shi. Ta saki sitiyarin, ta zare makulli, ta ɗauko farar sandarsa daga bayan kujera ta sa masa a hannu, domin tun da idanunsa suka mutu, yau ne ya fara yarda ya fito daga ɗaki.