Gidan da Aka Duba da Rani

Tunda ka ce ka samu gida har ya kwanta maka a rai, zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani kafinta.

Mutumin nan 'ya ɗaya Allah ya ba shi, Rahinatu, yarinya mai ƙwaƙwalwa, wadda ko takardar ƙunshin ƙosai ta tsinta sai ta tsaya haɗa baƙi. Makarantar unguwar da suke haya kuwa suna kawai ta tara, aji ba rufi, malamai sai ranar da suka ga dama. Abin ya tsaya masa a rai. Can ɗaya gefen gari akwai wata makaranta da kowa ke yabo, amma ba ta ɗaukar yaro sai na kusa da ita, kuma duk wanda ya cika fashi sai a ba wani gurbinsa, don masu jira sun yi yawa. Sai kafintan ya ƙudura zai koma kusa da ita, a inda kuma kekensa zai riƙa kai shi shagonsa na kasuwa ba sai ya shiga mota ba. Ya yi ta yawon neman gida har dillalai suka gaji da ganinsa.

Wata rana a tsakiyar rani aka kai shi wani gida a kan tudu. Yana tsayawa a ƙofa ya hango makarantar, ga tutarta, ga rufin kwanonta, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Wani kwari ne kawai mai yashi a tsakaninsu, hanyar ƙafa ta ratsa shi, yara suna buga ƙwallo a ciki. Ya hau keke ya gangara, ya haura, kafin gumi ya karyo masa ya isa ƙofar makarantar, daga nan kuma kasuwa ba nisa. Ba za a ce bai yi bincike ba. Ya tambayi halin maƙwabta, ya ɗanɗana ruwan rijiya, ya ƙwanƙwasa kowane katako na rufin, abinka da mai sana'a. Abu ɗaya ne bai tambaya ba, wato me ya kawo yashi mai laushi haka a tsakiyar gari. Matarsa ta ce su dakata ruwa ya sauka, domin a garinsu ba a yabon gida ko gona sai an ga damina a kansu. Ya ce mata gaskiya ta faɗa, amma gida mai kyau ba ya jiran mai dogon tunani. Ya sayar da gonar gadonsa ya saya, suka tare.

Da farko ba abin da za a ce sai godiya. Kullum da safe ya ɗora Rahinatu a bayan keke, ya sauke ta a makaranta, ya wuce shago. Da damina ta kankama sai kwarin ya nuna ko shi wane ne. Ashe duk ruwan unguwannin sama ta nan yake bi, jajir da shi, yana tafe da rassa da tarkacen bola. Gada kuwa tana can nesa a bakin titin mota, ga laka mai riƙe taya, duk sammakonka sai hantsi ya dubi ludayi kafin ka zagayo. Yarinya ta fara latti, daga latti sai fashi. Shugaban makarantar ya kira uban, ya gaya masa cikin mutunci cewa in ta rasa jarrabawar ƙarshen zango, hannunsa a ɗaure yake.

Ranar jarrabawar aka tashi da ruwa. Kafin ya tsagaita lokacin zagayawa ta gada ya wuce. Kafintan ya tsaya a bakin kwarin ya duba, zuciyarsa ta nuna masa kamar ruwan ya ja baya. Ya ɗora Rahinatu a wuya, ya riƙe keke da hannu ɗaya, ya yi bisimilla ya shiga. Yana kaiwa tsakiya yashi ya zame a ƙarƙashin ƙafarsa, ruwa ya kai masa ƙirji, keken ya fara jansa. Ya ji yatsun yarinyar sun damƙe masa kai. Nan ya saki keken, ya kama ƙafafunta da hannu biyu, ya juyo da ƙyar, suka fito ta gefen da suka shiga. Matarsa, wadda ta biyo bayansu, tana tsaye a bakin ruwan. Ba ta tuna masa abin da ta faɗa da rani ba. Ta karɓi 'yarta ta rungume, ta ce, "Baban Rahinatu, ilimin da za a biya da ranta, na yafe."

Aka ba wata yarinya gurbin. Gidan kuma ba mai taya shi, domin yanzu kowa yana ganin abin da shi bai gani ba. Ya koma zuwa shago a ƙafa. Amma ba rashin keken ne ya fi ci masa rai ba. Kullum da safe Rahinatu takan sa kayan makarantarta ta zauna a dakali, in iska ta kawo muryar 'yan ajinsu suna bitar karatu sai ta riƙa binsu a hankali. Uban yakan wuce ta kansa a sunkuye, don tausayi da kunya ba sa barinsa ya dube ta.

To, kafin ka kwashi iyalinka, ka bi hanyar gidan da ka samu da ƙafarka a ranar da ta fi muni, ka ga ko tana kaiwa. Hausawa sun riga sun gama magana da suka ce hangen Dala ba shiga birni ba ne.