Motar da Ake Lulluɓewa da Zane

Kwamlan ya sake murɗa makulli, motar ta yi tari ta yi shiru. Ruwan da aka kwana ana tafkawa ya ɗauke, amma iskar bakin tafkin Aheme tana nan jiƙe sharkaf, har gishirin kicin ya narke. A kujerar baya 'yarsa Fifame na zaune, ta damƙe biro biyu. Yau za ta fara jarrabawar gama sakandare a garin Wida, kuma kowa ya sani, wanda aka rufe ƙofa ba ya ciki sai baɗi.

Masu karatu, wannan mota ta girmi Fifame. Da rani lafiyarta ƙalau, amma da damina ta sauka sai ta kamu da abin da Kwamlan ke kira mura. Kullum da yamma sai ya ɗaga bonet ya lulluɓe injin da tsohon zanen matarsa Asiba, kamar mai kwantar da jariri. Zanen ya sha baƙin mai har ya yi nauyi. Akwai ma wani kwaɗo da ya mai da ƙarƙashin motar gidansa, yana zaune yana kallon kowa kamar shi ne mai ita.

Tun bara Tosa bakanike ya nuna masa ciwon. Murfin distirbuto, ƙoƙon nan mai raba wa fulogai wuta, ya tsage, wayoyinsa sun ruɓe. Ta nan laima ke shiga ta kashe wutar.

"Canja shi, Kawu," in ji Tosa. "Ba zane take so ba."

Kwamlan ya yi dariya ya ce, "Ku bakanikai, ko atishawa mota ta yi sai ku ce a sayo sabon hanci."

Yana da nasa magani, irin na tsofaffin direbobin yankin. Sai ya cire murfin, ya kunna takarda ya ɗan gasa cikinsa har gumin ya bushe, ya mayar. Bayan wutar ta mutu, sannan ya ɗiga wa kafireto, mashigar mai ta inji, kpayo, wato man bumburutun da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya. Takarda tukuna, mai daga baya. Haka ya saba.

Asiba ta fito da kofin koko a hannu. "Baban Fifame, rana fa tana yi."

"Na gani. Ba makaho kika aura ba."

Sai ga Zinsu ɗan acaba ya tsaya bakin shinge. "Kawu, tsohuwar motar taka ta sake mura? Ba ni ɗalibar nan in sauke ta, Wida na nufa."

Fifame ta riga ta buɗe ƙofa. "Baba, bari in bi shi."

"Koma ki zauna! Ina da mota a gida, 'yata ta shiga jarrabawa da taɓo a riga? Kai kuma wuce da jakinka mai hayaƙi."

"Jakina dai ba ya kwana da zane," in ji Zinsu, ya ja babur ya tafi.

Kwamlan ya yaye zanen daga kan injin ya saɓa a kafaɗa. Ya sake gwada makulli. Yanzu tarin ma ya yi rauni, batir ya fara gajiya. Can a hanya ana ta jin babura na wucewa da 'yan makaranta, har suka fara tsagaitawa.

"Baba, don Allah," in ji Fifame. "Shekara guda fa."

Kwamlan ya fizgo kwalbar kpayo ya tuttula wa kafireto, man ya malala gefen inji, ya jiƙa bakin zanen da ke lilo daga kafaɗarsa. Sai a lokacin ya tuna bai busar da murfin ba. Ya dire kwalbar a buɗe a kan motar, ya naɗe takarda, ya ƙyasta ashana.

"Ka zuba mai fa!" Asiba ta yi ihu.

Kafin ta rufe baki wuta ta ce bum. Ta bi zanen ta hau kafaɗar Kwamlan, ta kama wuyan rigarsa. Ya yi baya yana kaɗe-kaɗe, kwalbar ta faɗo ta fashe.

Fifame ce ta fara isa gare shi. Ba ta nemi ruwa ba, ba ta nemi sanda ba. Da hannunta na dama ta cafko zanen mai ci, ta fizge shi daga wuyan ubanta. Zanen ya manne mata a yatsu.

Maƙwabta suka zo da yashi da bokitai, amma motar ta riga ta ƙone. Zinsu da ya hango hayaƙi ya juyo. A kan babur ɗin nan da aka raina aka ɗora Fifame, uwarta na riƙe da ita. A hanyar asibiti suka wuce makarantar, ƙofa a rufe, tsit kamar ba kowa.

Kwamlan ya warke da tabo a wuya. Yatsun Fifame biyu har yau ba sa lanƙwashewa. Da yamma takan zauna ƙofar gida tana koyon rubutu da hagu, baƙaƙen suna fitowa a karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Uban yakan tsaya daga nesa yana kallo, bai taɓa iya matsowa ba. Ƙwarangwal ɗin motar yana nan, ciyawa ta fito ta cikinsa. Kwaɗon ma ya tashi.

Jama'a, motar da ke ƙin tashi da damina gyara take nema, a kai ta wurin mai gyara tun ranar da ba a sauri. Kada a kusanci inji da wuta, balle inda aka zuba mai. Gyaran da ka ɗage yau, wataƙila ɗanka ne zai biya da jikinsa.