Fiyus ɗin Tsohon Direba

Kai mai cewa "ai na iya" tun ba a gama yi maka bayani ba, gyara zama ka ji. An yi wani direban babbar mota da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar kurmi. Duk dawowa sai ya ba matarsa labarin teku, ruwan da ba a ganin gaɓarsa, ya ce wata rana zai kai ta. Wata ranar ba ta zo ba sai da furfura ta cika masa gemu, ita kuma ganinta ya soma dushewa, likita ya ce abin gaba zai yi, ba baya ba. Sai hankalinsa ya tashi. Ya sayar da filinsa ɗaya tilo, ya sayi tsohuwar bas, ya kwashe kujerun, ya kafa gado da fanka da ɗan firji, don kada zafin hanya ya galabaitar da tsohuwa. Ya ɗaure faifan sola biyu a rufin, ya jera batura a ƙarƙashin gadon, ya ja waya da hannunsa. Siririyar waya fa, irin ta fitilar mota! Mai shagon da ya sayar masa da wayar ya ce masa ba za ta ɗauka ba. Ya ce, "Yaro, ina haɗa waya tun uwarka tana tallan gyaɗa."

Ranar gwaji fiyus, ɗan abin nan da ke katse wuta in ta yi wa waya yawa, ya ƙone. Ya sa wani, shi ma ya ƙone. Mai hankali zai tsaya ya tambayi abin da fiyus ɗin ke ƙi, amma gogan naka sai ya yi abin da ya saba yi a daji in ƙahon mota ya mutu: ya naɗe wurin da zaren tagulla. Fanka ta juya, ya yi dariya, suka kama hanya. Sun wuce Lakwaja da tsakar rana, rana tana dukan faifan nan babu tausayi, suka sauka yin azahar a gindin wata bishiya. Yana raka'a ta biyu ya ji ƙaurin roba. Kafin ya sallame, katifa ta kama, labule ya kama, baturan suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗebi ƙasa da hannu yana watsawa har tafukansa suka saluɓe. Ina! Ƙarfe kawai ya rage. Matar tana zaune a kan sallaya, ta juyo da fuska wajen zafin, ta ce, "Malam, hasken nan da nake gani, ko mun iso ne?" A bayan motar shanu aka dawo da su gida, babu fili, babu bas, kuma kafin damina ta kewayo idon matar ya rufe ruf. Har yau yana zaune a ƙofar gida, ko yara suka roƙe shi labarin teku ba ya tankawa.

To, ka ji. Waya ya iya, ba ƙarya ya yi ba, amma ta mota. Hausawa ba su faɗi banza ba da suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.